Kwandon Gari a Ƙafar Ƙudan Zuma

Labari ya iso mini cewa wata babbar gonar furen kallon rana ta fara buɗewa, kuma wani mai kiwon zuma ya jera amyoyinsa a gefenta. Irin wannan fure ba ya jiran kowa, makonni kaɗan ne ya yi ya gama. Tun da dare na haɗa jaka: kyamara, gilashin ɗaukar abu na kusa mai milimita 100, fitilar walƙiya da farin mayafinta, da tabarmar durƙuso. Na kama hanya gari bai waye ba. Kwalta ta ƙare, na bi hanyar ƙasa, daga baya na ajiye mota na ƙarasa da ƙafa, raɓa na jiƙa mini wando har gwiwa.

Mai amyoyin dattijo ne marar yawan magana. Na gaishe shi, na ce, "Baba, hoto na zo ɗauka, ba zuma ba." Ya dubi rigata ya ga fara ce, ya tambaye ni ko na shafa turare. Da na ce a'a, sai ya nuna mini hanyar da ƙudan ke bi daga bakin amya zuwa gona, ya ce kada in tsaya a kanta. Iyakar sharaɗinsa ke nan.

Duk furannin da suka girma gabas suke fuskanta, don haka na zagaya na ba rana baya. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna cewa furen da ya fuskanci gabas yana saurin ɗumi da safe, kuma ƙwari masu ziyara sun fi zuwa masa nesa ba kusa ba. Ina tsaye na ga hakan. Da farko gonar tsit, sai ɗaya, sai biyu, kafin rana ta ɗaga sosai ko'ina ya ɗauki ruri.

Abin da muke kira fure ɗaya a nan, taron ɗaruruwan ƙananan furanni ne a faifai guda, suna buɗewa daga gefe zuwa tsakiya, da'ira bayan da'ira. Wannan ne ya sauƙaƙa mini aiki. Ƙudan zuma ba ya sauka a ko'ina, da'irar da ta buɗe a ranar yake bi. Na zaɓi fure mai tsayin ƙirjina, na daidaita kyamara a kan da'irar, na jira. Mai bin ƙuda daga fure zuwa fure yakan koma gida da hotunan ganye. Mai haƙurin tsayawa wuri ɗaya, su za su zo su same shi.

Duk masu fitowa kiwo mata ne, ma'aikatan amya. Ta farko da ta sauko a gabana jikinta tas yake. Cikin ɗan lokaci ta yi buɗu-buɗu, rawaya tun daga kai har ciki. Sai a cikin gilashin na ga dalili. Gashi ya rufe ta ko'ina, har a kan idanunta, kuma gashin jikin yana da rassa ƙanana masu riƙe garin fure. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: tashi cikin iska yana ɗora wa jikinta ɗan cajin lantarki kishiyar na fure, shi ya sa gari ke iya tsalle ya manne mata tun ba ta taɓa shi sosai ba.

Abin da ya tsayar da ni ya daɗe shi ne yadda take tattarawa. Takan ɗan tashi sama da furen ta tsaya a iska, ƙafafu shida suna aiki lokaci guda. Na gaba suna share kai da fuska, na tsakiya suna karɓa suna share ƙirji, su miƙa wa na baya. Tana jiƙa garin da ɗan ruwan zaƙi daga bakinta don ya haɗu. A ƙafar baya akwai wani ɗan lotse mai santsi da dogayen gashi suka kewaye kamar kwando, a nan take danna shi, kaɗan-kaɗan, har ya zama curi kamar an liƙa ƙwayar hatsi a kowace ƙafa. Ita kanta nauyinta wajen kashi ɗaya cikin goma na giram ne, kayan da ta ɗauka kuwa yakan kai miligiram 15 ko fiye. Wannan garin shi ne abincin gina jiki da ake rainon 'ya'ya da shi a amya. Ruwan zaƙin da ke zama zuma ƙarfin tashi yake bayarwa. Mutane zuma suke gani su yaba, amma amyar da ta rasa gari ba ta da masu tasowa.

Ɗaukar wannan a hoto aiki ne na milimita. Idan aka matso har girman ƙudan ya fito daidai da yadda yake, wurin da ke fitowa tar bai wuce kaurin farce ba. Ido ya fito, ƙafa ta yi dishi-dishi. Na rage ƙofar haske zuwa f/11, na bar juya gilashi, na koma ina ɗan lanƙwasa jikina gaba da baya, ina danna maɓalli a daidai lokacin da idonta ya fito sarai. Fikafikai kuwa suna kaɗawa wajen sau 230 a daƙiƙa ɗaya, ko an sa ƙiftawar kyamara kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa sukan fito kamar hayaƙi. Ni ban ƙi hakan ba, yana nuna cewa mai rai ce tana bakin aiki. Babban abokin gaba iska ce. Kaɗan ta busa, furen ya gusa, duk lissafi ya rushe.

Akwai masu ɗaukar hoto da ke kama ƙwaro su sa a firji har ya sandare, sannan su ɗora shi a kan fure su ɗauka yadda suke so. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai. Ma'aikaciya a lokacin yawan fure rayuwarta ba ta cika wuce mako shida ba, kuma ƙarshen rayuwar ne kawai take fita kiwo. Ban ga hoton da ya cancanci a ƙwace mata yini guda ba. Kuma babu buƙata. Wadda ke kan fure ba ta kare komai, hankalinta na kan aikinta. Na kai gilashi kusa da su tazarar tafin hannu, babu wadda ta kula ni. Harbi a bakin amya ake yin sa, kuma idan ta harbi mutum ƙarinta yakan maƙale a fata, ita ma ta mutu.

Da rana ta take, haske ya yi kaifi, na koma inuwa kusa da dattijon. Daga gefe ya bar ni na kalli masu dawowa. A nan na lura curin ƙafafunsu ba launi ɗaya ba ne. Yawanci rawaya mai duhu irin na gonar, amma akwai fari-fari, akwai mai ja-ja. Sai dai kowace ɗaya launi guda take ɗauke da shi, domin a fita ɗaya nau'in fure ɗaya takan bi. Wannan ne ke amfanar shuka, garin yana isa ga furen da ke buƙatarsa. Na tambaye shi yadda suke sanin inda fure yake. Ya ce rawa suke yi wa juna a cikin duhun amya. Ita ce rawar da masanin kimiyya Karl von Frisch ya gano ma'anarta, alkibla da nisa, har ya sami kyautar Nobel a 1973.

A hanyar komawa mota na bi ta gefen wani fegin tumatir, sai na ji wata ƙara mai kauri. Wani baƙin ƙuda ne babba, irin masu huda itace, ya rungumi furen yana girgiza shi da ƙarfin ƙirjinsa har gari ya zubo masa a ciki. Ƙudan amya ba ya iya wannan, shi ya sa ba ya damuwa da tumatir. Nau'in ƙudan zuma a duniya ya haura 20,000, kuma yawancinsu ba su da amya, ba sa yin zuma, a rami ko a kara suke zaune su kaɗai. Na sauke jaka na sake fito da kyamara, na durƙusa a tsakanin kunyoyi har ya gama da furannin reshen ya wuce na gaba.