Laraba, wayar da aka cire

Ƙarfe ɗaya saura na dare, barci ya ƙi zuwa. Uwargida ta juya baya tun ɗazu, ta ce ta ji zancen nan sau uku, ya isa.

Da safe kuwa cikin nishaɗi na fita. Hazo ya rufe Kaduna ruf, na tsaya a Kawo na sha kunu da ƙosai mai zafi, Dogo abokin aikina ya biya kuɗin duka saboda matarsa ta sauka lafiya. Muna tafe muna dariya har bakin get ɗin barikin sojan da nake aikin makaniki.

Tun kafin in ƙarasa ɗakin janareta kunnena ya gaya mini akwai matsala. Wanda ya daɗe da inji ya san muryarsa kamar ta ɗansa. Tsohon Cummins ɗin nan namu mai silinda 6, wanda ke juyi 1,500 a minti ba gardama, yau ƙararsa ta bushe. Na duba allurar ƙarfin baƙin mai, ta zube ƙasa, nesa da inda ta saba tsayawa. A irin wannan hali ya kamata a ce injin ya kashe kansa tuntuni. Na leƙa gefe, sai ga wayar makunnin da ke kashe shi idan ƙarfin mai ya faɗi, an cire ta, an naɗe bakinta da salatif. Da yake NEPA ta dawo da wuta, nan take na mayar da layi kanta na kashe shi.

Na zaro sandar awon mai. Ya haura alama, ya tsinke kamar ruwa, sai warin gas yake. Robobin nozul sun gaji, gas yana zurarewa cikin baƙin mai. Mai tsinkakke ba ya riƙe ƙarfe da ƙarfe. Daga nan sai metal, wato ƙarfen da sandar juyin inji (kuranshaf) ke kwance a kai, ya narke, kuranshaf ya ci, inji ya yi nokin.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya na ce wa ya taɓa wayar nan.

Kofur ne ya fito daga bayan tanki, idanunsa jawur. Ya ƙame, ya ce, "Baba, ni ne."

"Wa ya ba ka izini?"

Shiru.

"Da kai nake magana. Idan bindigarka ta cije, haka kake cire mata abin kariya ka ci gaba da harbi?"

"A'a, Baba."

Da a nan na tsaya da babu komai. Amma na ci gaba, a gaban Dogo, da yaran wokshop biyu, da wasu sojoji uku da ke wucewa suka ja birki. Na ce masa igiya biyu ba ta mai da mutum makaniki. Na ce wata shida ina koya masa ashe a banza. Bai motsa ba. Abin da ya ce kawai, "Yi haƙuri, Baba." Yaron nan sa'an ɗana na fari ne, kuma tun da aka turo shi wajenmu bai taɓa barina na ɗauki akwatin sifana da hannuna ba.

Sai da rana a Kasuwar Mami, ina cin shinkafa da wake, Sajan-manjo ya jawo benci ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Injiniya, na ji ka wanke yaronka yau." Na ce ya cancanta. Ya gyaɗa kai, sannan ya ba ni labarin daren. Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe biyu. Inji ya tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, har sau uku. A asibitin bariki akwai bakwaini a kwalba. Ƙaramin janaretan asibitin kuwa ni na fi kowa sanin yana kwance, katin aikinsa na kan teburina mako na uku ke nan, muna jiran kaya daga sito. Sun kira wayata ba adadi, a kashe, caji ya ƙare. Hafsan da ke bakin aiki ya ce a tayar da inji ko ta halin ƙaƙa.

Loma ta tsaya mini a wuya.

Abin da ya fi damuna shi ne na gani da idona da safe, ban tambaya ba. Duk manyan makunnan da ke allon rarraba wuta a sauke suke, in ban da guda ɗaya. Ashe Kofur ya yanke gidajen hafsoshi, ya yanke ofisoshi da famfon tura ruwa, ya bar layin asibiti kaɗai don kada inji ya ɗauki nauyi. Sajan-manjo ya ce a kan jarka ya kwana, hannunsa kusa da jan maɓallin kashewa, yana haska allura da tocilan. Ni na koya masa rage nauyin nan. Ya riƙe, ya yi aiki da shi cikin dare shi kaɗai, ni kuma na ce a banza.

Kuma da nake masa faɗa, Kofur bai ambaci hafsan ba. Da ya ce oda aka ba shi, da na yi shiru. Soja ba ya jefa na gaba da shi a gaban farar hula, sai ya haɗiye.

Mu da ba mu sa kaki muna manta wannan. Ni idan aka ce in tayar da inji na ga zai lalace, zan ce a'a, iyakaci a ba ni takardar tuhuma in amsa. Shi idan ya ce a'a, gadurum ce. Wuri ɗaya muke aiki, sifana ɗaya muke riƙewa, amma abin da ke wuyansa ba shi ne a wuyana ba.

Duk da haka har yanzu ban yarda cire wayar daidai ba ne. Da injin ya buga, ba dare ɗaya asibiti zai rasa wuta ba. Takarda za ta hau sama ta sauko, watanni su wuce, barikin duka cikin duhu duk lokacin da NEPA ta ɗauke. Na juya abin ta kowace fuska. Da ni ne a ɗakin nan ƙarfe biyun dare, an ce mini ga jariri a kwalba, wallahi ban san me hannuna zai yi ba.

Da yamma aiki ne kawai. Mun juye mai, kusan lita 40. Na yanka filta na baje takardar ciki a rana ina neman ƙyallin ƙarfe, ɗan kaɗan ne, alhamdu lillahi. Nozul shida a kan benci. Robobi babu a sito, Dogo zai leƙa Panteka gobe idan an sa hannu. Na mayar da wayar da kaina. Filtar iska ma ta cika da ƙurar hunturu, awa 250 ba ta ko cika ba.

Jaririn yana nan da rai, na tambaya.

Na nemi Kofur kafin in tashi, aka ce yana barci, na ce kada a tashe shi.

Rahoton yana cikin jakata. Akwai layin da ake rubuta abin da aka tarar, na bar shi fari. Idan na rubuta an cire waya, sunansa za a nema, ba na wanda ya ba da oda ba. Idan ban rubuta ba, na sa hannu a kan abin da ba shi ne ya faru ba, kuma ban taɓa yi ba. Oga yana son takardar ƙarfe takwas.

Tarin Auta ya dawo. Na jona wayata a caji, na duba sau biyu.