Saƙon Riruwai ya iso

Yau Asabar. Ko karyawa ban yi ba wani direba ɗan unguwarmu ya kira ni wai in zo tasha in karɓi saƙona, na haye adaidaita sahu na tafi, yana miƙo min ledar yana cewa malam wai meye a ciki haka kamar guduma. Duwatsu ne guda uku daga Riruwai, can ƙaramar hukumar Doguwa, wani dattijo ne ya tsinto min su a tarin ƙasar da masu haƙar kuza na da suka bari.

Biyu ba wani abin a zo a gani. Amma na ukun, kai! Farin dutse ne, a jikinsa ga kuza baƙa wuluk ta fito da kusurwoyinta kamar an fere ta da wuƙa, na goge shi da tsohon buroshi da ruwa na kai shi bakin taga, in ka juya shi sai ka ga wani ja-ja yana ƙyalli daga ciki. Kuza nauyinta ya kai ninki bakwai na ruwa, dutsen banza ko uku bai cika ba, shi ya sa tun a tafin hannu kake gane ta.

Ina tsugune Hajiya ta fito alwala ta ce kai dai ba ka gajiya da tara tsakuwa. Na ce Hajiya ɗauki ki ji. Ta ɗauka ta yi shiru, can sai ta ce mahaifinta ya yi dakon ƙasar kuza a Bukuru lokacin yaƙin Hitila, da Turawa suka riƙa kwasar mutane aikin tilas a 1942, wai har ya rasu yana ba da labarin sanyin Jos da yadda ƴan uwansa suka dinga tari a barikin leburori. Shekara nawa ina wannan tarin, wallahi ban taɓa jin labarin nan ba, jikina ya yi sanyi sosai.

Da yamma na rubuta masa ƴar takarda, inda aka samo shi da ranar yau, na saka shi a kwabata ta sama kusa da dutsen tozalin da na saya a Kurmi. Shi dutsen tozalin a kulle yake kullum don akwai dalma a ciki, tun da gubar dalma ta kashe yara a Zamfara a 2010 ba na barin yara su taɓa.

Bayan isha'i Hajiya ta aiko ƙanwata wai in ba ta dutsen ta ƙara gani. Har yanzu yana ɗakinta.