Lambun Bayan Ɗaki a Ƙasar Katsina

Shekara uku ke nan da na mayar da ɗan filin da ke bayan ɗakina lambu, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne ƙasar kanta. Ƙasarmu ta Katsina jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, shi ya sa ko ka kwarara mata ruwa da safe, kafin azahar ta bushe ƙayau. Maganin da na samu shi ne takin awaki, amma wanda ya kwana biyu ya ruɓe sosai, domin ɗanyensa ƙona saiwa yake yi. Haka na yi asarar tumatirina na farko. Bayan takin sai in shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin shuka don ta riƙe laima, ko da yake dole in riƙa ɗaga ta ina dubawa saboda gara.

Ciyawar ado kuwa, ni ban ga hikimarta ba a garin da damina ba ta wuce Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuma mai gida yana sayen ruwa a wajen 'yan garuwa. Wanda ya nace, to ya dasa ƙiri-ƙiri, tana jure fari.

Ni zogale na fi so. Idan ya kai ƙugun mutum sai in datse kansa, ya yi rassa, ganyen ya tsaya inda hannu zai kai. Gefensa na shuka yakuwa da alayyafo, waɗanda nake ba ruwa bayan la'asar, sannan in barbaɗa musu toka idan ƙwari suka fara huda ganyen.