Gas ɗin AC ba ya ƙarewa, faifan birki kuwa yana cinyewa

Da zarar bazara ta kama, tun daga Maris har Mayu, za ka ga motoci sun yi layi a wurin masu gyaran AC, kowa maganarsa ɗaya: "Gas ya ƙare, a ƙara min." Ku ƙannena da kuka sayi motarku ta farko, musamman 'yar Kwatano, ku sani gas ɗin nan ba ƙonewa yake yi ba. Zagayawa yake a cikin bututai rufaffu, daga kwamfuresa, wato famfon da ke matsa shi, zuwa kwandensa mai fitar da zafinsa da ke gaban lagireto, ya shiga cikin mota ya kwashi zafi, ya sake komawa. Motar da komai nata yake lafiya takan yi shekaru ba a taɓa mata shi ba. In sanyi ya gudu cikin 'yan watanni, akwai inda yake yoyo.

Na daɗe ban fahimci haka ba. Duk bazara sai na biya kuɗin gas, in ji daɗin sanyi na ɗan lokaci, kafin damina ta yi nisa ya tafi. Abin da ban sani ba shi ne man da ke shafe kwamfuresa tare da gas ɗin yake yawo. Ta inda gas ya fita, mai ma yana bi. Wata rana kwamfuresar ta fara gurnani, daga nan ta cije, ɓarɓashin ƙarfenta ya bazu cikin bututai. Gyaran 'yar robar da ke yoyo ya koma sayen kwamfuresa da kwandensa da wanke layi gaba ɗaya.

Saboda haka kafin wani ya jona maka gwangwani, ka ce a nemo yoyon. Mai gyaran kirki zai matsa iskar naitirojin ciki ya bi mahaɗai da ruwan sabulu, ko ya sa rini mai ƙyalli. Kai ma kana iya dubawa: duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura a jikin bututu ko kwandensa, wurin abin zargi ne. Bayan an toshe, sai an zuƙe iska da danshin da suka shiga da famfon zuƙa kafin a zuba sabo. Wanda ya tsallake wannan matakin aikin banza ya yi maka.

Ɗaga bonet, akwai 'yar takarda a manne da ta faɗi irin gas ɗin motarka da giram nawa take sha. Yawancin motocin da ke hannunmu, tun daga na tsakiyar shekarun 1990, R-134a suke amfani da shi. Shi ya maye gurbin R-12 da aka daina bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda R-12 ɗin yana ɓata rufin ozon da ke kare duniya daga illar hasken rana. Sababbin motocin Turai kuwa daga 2017 sun koma R-1234yf, kuma ba a gauraya su. Kada ka yarda a ɗura maka gas ɗin firji ko na AC ɗin gida don araha, wani ma yana kama wuta. A auna a sikeli. Cikawa fiye da ƙima ba ya ƙara sanyi, wahalar da kwamfuresa kawai yake yi. Sau da yawa ma gas ba shi da laifi: ƙurar hunturu ce ta toshe kwandensa, ko fanka ta mutu, ko matatar iskar cikin mota ta cika da datti. A lokacin sanyi ma ka riƙa kunna AC ɗin na minti goma a mako don kada robobin su bushe.

Abin takaicin, kuɗin da nake zubarwa a AC su nake ƙyashin kashewa a birki. In ya fara ƙara sai in ce a sa sabuwar fatar birki, faifan da fatar ke matsewa don tsayar da taya kuwa ƙarfe ne, me zai same shi? Bakanikena ya sha ce min, "Yallaɓai, faifan nan ya gaji," ni kuma ina ganin neman kuɗi ne.

A gangaren Hawan Kibo na gane kurena, ina saukowa daga Jos da iyali cike da mota. Duk na taka sai sitiyari ya kama rawa a hannuna, birkin yana harbin tafin ƙafata, ga ƙaurin ƙuna yana shigowa ta taga. Allah ya kiyaye, na samu gefe na tsaya. Laifin biyu ne: faifan ya sirance har ba ya iya ɗaukar zafi, ni kuma na kwanta a kan birki tun daga sama maimakon in sa ƙaramin giya inji ya riƙe motar. Da aka kwance tayar, bakanike ya kama yatsana ya bi da shi kan faifan. Duk ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, bakinsa ya tashi har farce yana maƙalewa, wasu wurare sun yi shuɗi saboda ƙuna.

Faifai ba shi da ranar canji a kalanda. Direban da ke fama da cunkoson cikin gari da mai tafiyar dogon titi ba ɗaya suke cinye shi ba. Awo ake yi. A jikin kowane faifai kamfani ya buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, a milimita, galibi kusa da haruffan MIN TH. Sai an goge tsatsa ake ganinsa. A ƙananan motoci tazarar sabo da wanda ya gama aiki ba ta cika wuce milimita 2 ba, abin da ido ba zai iya tantancewa ba, don haka duk sanda za a canza fata ka ce a sa ma'aunin kauri. In ya kai lambar nan, ko ya tsage, sai canji. Kankare fuskarsa a inji yana da amfani ne kawai in bayan kankarewar kaurin bai faɗi ƙasa da lambar ba. Wanda za ka sayo na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ma a auna shi kafin ka biya, don wata motar ta riga ta ci rabonta a jikinsa.

Ita fatar, in ta rage kamar milimita 3 a canza ta. Siririn ƙaran da kake ji ɗan ƙarfe ne da aka sa takanas don ya sanar da kai. In ka bari ya koma gurza, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ya tafi ke nan.

Ana canza faifai biyu-biyu, hagu da dama, da sabuwar fata, in ba haka ba mota za ta riƙa ja gefe ɗaya. A kankare tsatsar mazauninsa kafin a ɗora, a ɗaure notin taya a gicciye kuma daidai wa daida. Yaron gareji da ke hawa kan sufana da ƙafa yana iya jawo maka rawar sitiyari a sabon faifai. Man birki ma yana shan danshi, a canza shi duk bayan shekara biyu da irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4. In an gama, kada ka kama hanyar Abuja nan take. Nemi titin da ba cunkoso, ka ɗan yi gudu kana rage shi a hankali sau da dama ba tare da ka tsaya cak ba, har fata da faifai su saba da juna.