Daga Faris zuwa ga mutanen Tawa: awa biyar da rabi ta koma kwana biyu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana na Tawa da sauran ƙasar Adar. Ina gaida kowa da kowa, da fatan gida lafiya.

Akwai maganar da nake yawan ji daga bakinku idan mun yi waya: "Ai Faransa ba nisa, jirgi ne, da safe ka tashi da azahar kana Yamai." Da can haka ne. Tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da na Charles de Gaulle na Faris kilomita 3,900 ne da 'yan kai, kuma in ka duba taswira za ka ga biranen biyu kusan a kan layi ɗaya suke, Faris tana arewa sak. Jirgi ya ratsa hamadar Aljeriya, ya tsallake Bahar Rum, cikin awa biyar da rabi ya sauka. Lokacin sanyi ma agogonmu ɗaya da naku.

Amma tun watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, jirgin Air France ya daina zuwa Yamai. Yanzu sai da yada zango. Wanda ya bi ta Kasablanka, awa uku daga Faris, sannan kusan awa huɗu zuwa Yamai. Wanda ya bi ta Istanbul kuwa, gabas zai nufa tukuna awa uku da rabi, ya sake juyowa kamar awa shida. Ban ma sa zaman jira a lissafi ba, shi ne mai cin rai: kana kan kujerar ƙarfe, jaka tsakanin ƙafafu, ido a kan allo, wani lokaci rabin yini. Kuma ba kowace rana ake samun wuri ba, balle a ce da kuɗi mai sauƙi.

To an sauka Yamai, sau da yawa cikin dare. Sauran kilomita kusan 550 a mota, ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. In ka samu motar asuba, ka gode wa Allah, sai la'asar ko magariba ka ga Tawa.

Ga inda zancena ya dosa. Don Allah ku daina ɓoye mana rashin lafiyar tsofaffinmu. Na san da kyakkyawar niyya kuke yi, "kada a tayar masa da hankali, yana nesa". Sai jiki ya yi tsanani sannan a bugo waya a ce taho maza. Gawa kuwa ba a ajiye ta jiran ɗan ci-rani, kuma daidai ne, haka addini ya ce. Na ga magidanci a nan yana kuka a bakin tashar jirgin ƙasa, tikiti a hannu, an riga an dawo daga maƙabarta. Da an faɗa masa mako guda kafin nan, da ya tarar da mahaifiyarsa tana iya gane muryarsa.

Ranar da aka kwantar da Inna ko Baba a asibiti, ranar za ku sanar da mu, ko da likita ya ce da sauƙi. Mu za mu nemi izini a wurin aiki, mu duba jirgi, mu yanke shawarar tahowa ko jira.

A gaida mini dattawa. Allah ya bar zumunci.

Naku, ɗan Adar mazaunin Faris.