Babur ɗin ruwan Alhaji da ke jan hagu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ƙaramin ɗan Alhaji ya dawo daga Takwa Bay fuska a murtuke, tun kafin ya miƙo min igiya in ɗaure a jeti, wato dakalin da jirage ke tsayawa, yake cewa "Malam, abin nan fa ja yake, wallahi hannuna har ya ƙage." Nace ja ina? Yace hagu, da ya ɗan saki jiki sai ya ga kan ya nufi gaɓa, dole sai ya riƙa danne hannun zuwa dama sannan ya tafi sak. Ban musa mai ba don nima na ji hakan wajen sati biyu baya, na yi gum, a raina nace ƙila igiyar ruwa ce ko iska.

Ga waɗanda basu sanni ba, ni asalina bakaniken babur ne a Kano, lokacin da aka hana acaɓa a 2013 kasuwa ta mutu mana murus sai na tattaro sufanuna na yo Legas, nan ma aka bi okada da doka a 2020, aka ƙara matsewa a 2022, to a haka dai Allah ya haɗa ni da aikin kula da jiragen wasa na Alhajin nan a bakin ruwan da ya raba Ikoyi da Biktoriya Ailan. Cikin kayan akwai babur ɗin ruwa guda biyu, wanda kowa ke cewa jet ski, alhali Jet Ski ɗin sunan na kamfanin Kawasaki ne kawai, kamar dai yadda kowane garin wanki ya zama omo a bakinmu. Namu da ake magana Yamaha ne mai cin mutum 3.

Abin da ya fara ruɗa ni da na zo aikin nan shine abin kamar babur, ka hau kamar babur, ka riƙe hannu kamar babur, amma ta baya yake juyawa ba ta gaba ba. Babu taya, babu kuma faranti a ƙarƙashi irin na manyan jirage da ake karkatawa. Inji ne ke juya wata farfela a cikin famfo, ta zuƙo ruwa ta ƙasan bodi ta feso shi ta baya da ƙarfin tsiya, to a bakin wajen fesowar akwai wani bututu gajere da ke juyawa dama da hagu, mu nozul muke ce mai. In ka murɗa hannu dama, nozul ya kalli dama, ruwan ya ture gindin abin zuwa hagu, kai kuma ya yi dama. Shi yasa in ka saki totur sitiyari ya tashi aiki kenan, don babu ruwan da zai ture komai, kuma nan ne sababbin hawa suke gwara kansu da jeti, tsoro ya kama mutum ya saki totur yana ta murɗa hannu abin kuma yana tafiya kai tsaye. Abin da ya haɗa hannun da nozul ɗin kebul ne guda ɗaya tak, mai kauri, ba irin na birki ko kulocin babur da ja kawai yake ba, wannan yana ja yana kuma turawa, ya taso daga ƙarƙashin sitiyari ya bi cikin bodi ya huda baya ya fito ya kama hannun nozul. In tsawonsa ya ƙaru ko ya ragu da 'yan milimita kaɗan shikenan, hannu na kallon gabas nozul na kallon wani waje.

Lahadi da safe muka jawo babur ɗin ruwan kan tirela. Ni da jinin babur ɗin bai gama fita daga jikina ba, tunanin da ya fara zuwa min shine in kwance ƙusoshin da suka riƙe hannun in ɗan gyara mai zama in ɗaure, kamar yadda muke wa mashin in ya faɗi kai ya karkace, ka matse tayar gaba tsakanin cinyoyi ka fizga. Har na ɗauko sufana sai ga Baba. Baba mutumin Yawuri ne, tun yana saurayi yake gyaran injin kwale-kwale a bakin Neja da Kainji kafin ya gangaro nan, shi ke duba jiragen maƙwabcinmu kuma ba ya iya ganin mutum da sufana ya wuce. Ya tsaya ya kalle ni yace "Ɗan nan me zaka yi wa kan?" Na faɗa mai. Yayi dariya har da tari yace "Ciwo na ƙafa kana shafa magani a ka. Zagayo baya."

Kafin komai ya sa na zare makullin igiyar nan da ake ɗaurawa a hannu, wanda in babu shi inji ba ya tashi, na kuma cire kan batir, don za mu sa yatsu kusa da famfo kuma yaran gidan basu da aiki sai danne-danne. Sannan yace in daidaita hannun a tsakiya, kuma ba da ido ba, na ɗauko tef ɗin tela na auna daga ƙarshen hannun dama zuwa wata ƙusa a tsakiyar bayan kujera, na auna na hagu zuwa wajen guda, sai da suka zo ɗaya sannan muka ɗaure da igiyar roba kar ya motsa. Da na tsuguna a baya na kalli nozul wallahi a idona daidai yake, nace Baba ai wannan lafiyarsa ƙalau. Bai ce min komai ba, ya ɗauko wani ƙarfe miƙaƙƙe ya kwantar a bakin nozul ɗin, ƙarfen ya fito ta gefe da gefe, yace auna daga kowane ƙarshe zuwa bodi. Nan na ga abin kunya, ɓangaren hagu ya fi kusa sosai, wato nozul ɗin na leƙen hagu, daidai da ƙorafin yaron.

Littafin gyaran Yamaha ɗin da muke da shi a waya wata hanyar ya bayar, ka murɗa hannu har ƙarshe dama ka auna tazarar nozul, ka murɗa har ƙarshe hagu ka auna, bambancin kar ya wuce milimita 5. Muka gwada wannan ɗin ma, muka samu 11. Kowane kamfani da inda yake so a auna da inda yake so a taɓa, na Sea-Doo da na taɓa buɗewa notin gyaran a jikin mariƙin kebul yake can ƙarƙashin sitiyari, don haka kar wani ya ɗauki lambobina ya kai kan nashi in ba iri ɗaya bane.

Amma kafin mu taɓa noti Baba ya kama nozul da hannu ya girgiza shi, ni kuma ina riƙe da sitiyari. Yace in nozul na wasa alhali hannu na tsaye to ba maganar alaimen bace, bushin ne ya cinye ko kan kebul ɗin ya yi sako-sako, kuma ko ka kwana kana juya noti a banza, yau ka daidaita gobe ya koma. Namu akwai ɗan wasa kaɗan a ƙusar sama, muka ɗaure ta ya tsaya cak. Ya kuma sa na duba ƙasan bodi, farantin ƙasa da fikafikan gefe, don in ɗaya ya bugu da dutse ko kututture shima yana sa ja kuma sai a ɗora wa kebul laifi.

Gyaran kansa ba wani abu bane, wahalar kawai wajen shiga. Ka buɗe akwatin gaba ka cire bokitin ciki ka zura kai da hannu ɗaya cikin rami mai warin fetur da zafi kamar gidan burodi, kana laluben kan kebul. A ƙarshensa akwai wani kai mai tiredi, wato zaren murɗi irin na noti, da ya hau kan ɗan ƙwallon ƙarfe, bayansa kuma ƙaramin noti da ke kulle shi. Ka sassauta notin, ka cire kan daga ƙwallon, ka juya shi ciki ko waje, ka mayar, ka fito ka zagaya baya ka auna, ka dawo. Wani abu da ban lura ba sai da na yi sintiri sau uku, duk abin da ka ƙara wa gefe ɗaya ka rage wa ɗayan ne, don haka rabin bambancin kake nema, ni kuwa na zage na juya da yawa sai ga shi ya tsallake ya koma leƙen dama.

To a nan ne na yi wautar da ta sa nake rubuta wannan. Na samu awo ya zo daidai, bambanci bai fi milimita 2 ba, ina murna zan kulle noti sai Baba yace "Tsaya, cire kan gaba ɗaya ka ƙirga min juyi nawa ya rage." Na fara warwarewa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kan ya faɗo a tafin hannuna. Juyi huɗu kacal ke riƙe da sitiyarin abin da ke gudun wajen kilomita 80 a awa da ɗan mutane a kai. Littafin ya faɗa ƙarara, da gargaɗi ma, dole kebul ya shiga cikin kan nan aƙalla milimita 8, ni na karanta wajen amma idona na kan tef. In tiredin nan ya zame ana cikin gudu hannu zai koma juyawa fayau kamar ba a haɗe da komai ba, kuma ko wanda ke da birki a cikinsu, irin wanda Sea-Doo suka fara fitarwa a 2009, birkin tsayar da kai zai yi, ba zai kauce maka kwale-kwalen fasinja ba. Jikina yayi sanyi gaskiya.

Baba yace in har gaba na neman warwara da yawa haka to bayan ne wani ya ɗaure ba daidai ba. Muka koma baya, ai kuwa haka ne, wanda ya taɓa canza kebul ɗin kafin zuwana ya murɗe kan baya har ƙurya, ya cinye tiredin duka. Muka sassauta can, muka raba tsawon tsakanin gaba da baya yadda kowanne ya samu shiga mai kyau, muka kulle notuka biyun, na shafa giris ɗin ruwa a ƙwallayen da sandar kebul inda take shiga da fita. Tunda muna wajen na taɓa babban notin robar da ke inda kebul ya huda bodi, don ta nan ruwa ke sata ya shiga in ya saki, mutum ya bar abinsa a ruwa da dare ya wayi gari kujera kawai ke leƙe.

Gwaji kuma sai Litinin da sassafe kafin jiragen haya su fara tada ruwa, don a mashigin nan in ruwan teku na shigowa ko yana fita zai ja ka gefe ko da sitiyarinka lafiya lau. Na sa rigar kariya na nufi wajen gadar Lekki da Ikoyi a hankali, na sassauta riƙo, ya tafi sak, na juyo na bi hanyar da na zo don in tabbatar ba ruwa ne ya taimake ni ba, nan ma sak. Na yi kwana dama na yi hagu, duka biyun faɗinsu ɗaya, a da kwanar hagu ta fi tsukewa ban taɓa kawo komai a raina ba.

Abu ɗaya dai bai min daɗi ba, hannun ya ɗan yi nauyi in ka kai ƙarshen dama, kamar akwai yashi a ciki. Ruwan nan da gishiri, yana shiga cikin rigar kebul ya yi tsatsa ta ciki inda giris ba ya kaiwa, kuma wannan ba noti ke gyara shi ba, sabo ake saya. Da yamma na samu Alhaji a mota nace ranka ya daɗe an gyara jan, amma kebul ɗin ya fara gajiya gara a yi odar wani tun kafin ya ƙage. Yace nawa ne, na faɗa mai abin da mai kaya ya ce min a waya, ya kalle ni ta saman tabarau yace "Waya guda ɗaya?" Yace a bari sai wata ya mutu. Na ɗiga jan fenti a kan notukan biyu yadda in sun motsa zan gani, makullin kuma yana aljihuna, duk wanda zai hau sai na murɗa hannun dama da hagu da kaina tukuna.