Ranar da Muka Haƙa Dutse a Laschamp

Clermont-Ferrand, a tsakiyar Faransa, gari ne mai duhun gini. Babban cocinsu ma da baƙin dutsen Volvic aka gina shi, ragowar aman wuta. Kwana kawai muka yi a can. Da sassafe mota ta haura da mu jerin duwatsun Chaîne des Puys, mu ɗaliban nazarin ƙasa da malaminmu, har ƙauyen Laschamp.

Wurin bai yi kama da inda aka yi wani babban binciken kimiyya ba: daji, gansakuka, sanyi mai shiga ƙashi. Amma a nan ne a 1967 wasu masana biyu, Bonhommet da Babkine, suka gano cewa maganaɗisun da ke daskare cikin dutsen yana nuna kusan akasin arewar da muka sani. Narkakken dutse idan ya huce ƙasa da digiri 580 a ma'aunin Celsius, ƙwayoyin ƙarfen cikinsa sai su riƙe alƙiblar maganaɗisun duniya (wanda ke juya allurar kamfas zuwa arewa) na wannan lokacin, ba sa sake ta. Na Laschamp ya huce kimanin shekara 41,000 da suka wuce, lokacin da maganaɗisun ya yi rauni ƙwarai, ya karkace, sannan ya dawo.

Aikin da wuya. Mutum ɗaya na danna injin haƙa mai ƙarar tsiya, wani na buga masa ruwa don kada bakin ya ƙone, laka na fallatsa har fuska. Abin da ke fitowa guntu ne kamar gaɓar rake, faɗinsa santimita 2.5. Kafin a ɓalle shi dole a rubuta yadda yake kwance. Na ciro kamfas, malam ya girgiza kai.

"Ajiye shi. Dutsen nan yana jan allurar. Da inuwar rana za mu auna."

Haka muka zauna jiran gajimare ya matsa, kayan aiki na zamani a jibge, ba su da abin yi.

Da yamma muka hau dutsen Puy de Dôme, mai tsayin mita 1,465, inda Bernard Brunhes ya shugabanci tashar nazarin yanayi. Shi ne a 1906 ya fara ba da labarin dutse mai juyayyen maganaɗisu, daga yankin Cantal. Ya rasu a 1910, mutane kaɗan suka gaskata shi. Yau juyawar ƙarshe da maganaɗisun duniya ya yi gaba ɗaya, kimanin shekara 780,000 baya, da sunansa ake kiran ta, haɗe da na wani masani ɗan Japan, Matuyama.